Maganin cututtukan bairas daga jinin doki: tambayoyi da amsoshi

Lokacin da annobar korona ta ɓarke a 2020, labarai sun riƙa zuwa daga Ajantina, Kosta Rika, Birazil da Indiya cewa masana na yi wa dawakai allura domin su samo maganin cutar daga jininsu. Mutane da yawa sun ɗauka sabuwar dabara ce, alhali kuwa ta haura shekara 130 a duniya, kuma har gobe da ita ake ceton wanda maciji ya sara da wanda mahaukacin kare ya ciza. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mene ne ainihin wannan magani?

Duk lokacin da ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum ko dabba, garkuwar jiki kan ƙera wasu sinadaran furotin da likitoci ke kira antibodi. Aikinsu shi ne su gane baƙon abin da ya shigo, su maƙale masa. Idan baƙon nan bairas ne, wato irin ƙwayar cutar da ke haddasa korona da haukan kare, maƙalewar kan toshe wurin da yake kamawa da shi ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jiki. Shi kuwa bairas ba ya iya hayayyafa sai a cikin ƙwayar halitta, don haka wanda aka tare a waje ba shi da sauran ta cewa.

Antibodi suna zagayawa ne a cikin ruwan jini, wato ruwan nan mai launin rawaya da ke tasowa sama idan aka raba jini da jajayen ƙwayoyinsa. Dabarar ita ce a sa doki ya ƙera antibodi masu ɗimbin yawa a kan wani bairas da aka zaɓa, a ɗebi ruwan jininsa, a tace antibodin, a zuba a kwalba, a yi wa mutum allura da su. Abin da ke cikin kwalbar ba jini ba ne, ruwa ne garau mai ɗauke da tataccen furotin.

Ina bambancinsa da allurar rigakafi?

Rigakafi yana koya wa jikinka ya ƙera nasa antibodin. Hakan na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, amma jiki ba ya mantawa da wuri, kariyar kan kai shekaru. Wannan kuwa garkuwar aro ce: tana fara aiki da zarar ta shiga, sai dai cikin kwanaki kaɗan jiki ya narkar da ita ya fitar, kuma ba ta bar masa wani darasi. Shi ya sa ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya, kuma a wasu cututtukan ma tare ake ba da su.

Me ya sa doki, ba wata dabbar ba?

Dalili na farko girma ne. Doki mai nauyin kilo 500 yana da jinin da ya kai kusan lita 40, kuma ana iya ɗibar lita 6 zuwa 8 a zama ɗaya ba tare da ya jigata ba, muddin za a mayar masa da jajayen ƙwayoyinsa. Jijiyar wuyansa babba ce, a fili take. Yana da haƙuri, yana sabawa da masu kula da shi, yana kuma daɗewa a duniya, ta yadda doki ɗaya kan yi shekaru yana bayarwa. Garkuwar jikinsa tana amsawa da ƙarfi idan aka yi ta maimaita masa allura. Sannan akwai dalilin da ba a cika ambata ba: an fi shekara ɗari ana aiki da ruwan jinin doki a jikin mutane, an san halinsa, an san illolinsa, hukumomin kula da magunguna sun san abin da za su bincika.

Ana amfani da tumaki wajen wasu magungunan dafin maciji, an kuma yi bincike a kan raƙuma da ƙwan kaji. Wani kamfani a Amurka ma ya sauya wa shanu ƙwayoyin gado domin su riƙa ƙera antibodi irin na ɗan Adam. Amma mafi yawan abin da ke asibitocin duniya a yau daga doki yake fitowa.

Yaushe aka fara wannan aiki?

A watan Disamba na 1890, Emil von Behring na Jamus da Kitasato Shibasaburo na Japan, suna aiki a cibiyar Robert Koch da ke Berlin, suka nuna cewa idan aka ɗebi ruwan jinin dabbar da ta samu garkuwa daga gubar tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki, aka sa wa wata dabbar, ita ma takan tsira. Behring ya nuna haka nan a kan mashaƙo. Da ƙananan dabbobi suka fara, kuma jinin da ake samu daga gare su ba zai ishi yaran gari guda ba.

A nan doki ya shigo. A 1894 Émile Roux na Cibiyar Pasteur da ke Paris ya yi amfani da ruwan jinin dawakai a kan ɗaruruwan yara masu mashaƙo, mace-macen suka sauko daga kusan rabi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A wancan zamani mashaƙo na cikin manyan cututtukan da ke kashe yara a Turai, ana ji ana gani yaro ya shaƙe ya mutu, don haka cikin ɗan lokaci aka buɗe bargar dawakai ta musamman a birane da dama. Paul Ehrlich ya samar da hanyar auna ƙarfin maganin, domin kafin nan wata kwalbar ta yi aiki, wata ta ƙi. A 1901 aka ba Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma Albert Calmette a Faransa da Vital Brazil a Birazil suka ɗora dabarar a kan dafin maciji, har aka kafa Cibiyar Butantan a São Paulo a 1901.

Shekarar 1901 ɗin ba ta wuce ba sai da ta bar tabo. A birnin St. Louis na Amurka, wani doki mai suna Jim da ake ɗibar maganin mashaƙo daga jikinsa ya kamu da tetanus. An rarraba ruwan jinin da aka ɗiba daga gare shi ba tare da an gwada ba, yara 13 suka rasu. Wannan musiba ce ta sa Amurka ta yi dokar 1902 ta sa ido kan magungunan da ake samowa daga halittu. Duk wanda ke ganin gwaje-gwajen da ake yi wa magani a yau sun yi yawa, ya san cewa da rayukan yara aka sayi wannan tsari.

Yaya ake haɗa shi a yau?

Ana farawa da zaɓen dawakai masu ƙoshin lafiya, yawanci 'yan shekara 3 zuwa 10. Akan killace su na mako 6 zuwa 12, likitan dabbobi yana bincikar jininsu, ana yi musu rigakafin cututtukan dawakai da maganin tsutsar ciki. Duk wanda aka samu da wata cuta mai yaɗuwa ba ya shiga garken.

Daga nan sai allurar koyarwa. Ana haɗa abin da ake son dokin ya gane, wato bairas da aka kashe ko wani yanki na furotin ɗinsa, da wani sinadari mai zaburar da garkuwa, a yi masa a ƙarƙashin fata, kaɗan-kaɗan a wurare daban-daban. Ana maimaitawa bayan mako ɗaya ko biyu, ana kuma ɗibar jini kaɗan a duba ko antibodin sun hau. Cikin makonni kaɗan zuwa wata biyu ko uku sukan kai matakin da ake so, matakin da ya zarce na mutumin da ya yi cutar ya warke nesa ba kusa ba, saboda shi mutum sau ɗaya ya gamu da ita, dokin kuwa an yi ta tuna masa.

Sai ɗibar jini ta jijiyar wuya zuwa cikin jaka mai sinadarin hana daskarewa. Ana raba ruwan da jajayen ƙwayoyin, a mayar wa dokin ƙwayoyinsa. A da can barin jinin ake yi ya daskare a tsiyaye ruwan, dokin kuwa ya yi asarar komai, ya daɗe yana fama da ƙarancin jini. Yanzu akwai na'urar da ke rabawa tana mayarwa a lokaci guda. Akan haɗa ruwan jinin dawakai da yawa wuri ɗaya domin ƙarfin maganin ya daidaita.

Tacewa ce ta fi komai muhimmanci. Ruwan jinin doki cike yake da furotin iri-iri da mutum ba ya bukata, musamman albumin, kuma su ne suka fi tayar da bori a jiki. Akwai manyan hanyoyi biyu na raba su. Ɗaya ita ce zuba gishirin amoniyam salfet, wanda ke sa antibodin su kwanta a ƙasa a kwashe. Ɗayar ita ce asid ɗin kafirilik, wanda ke kwantar da sauran furotin ya bar antibodin a cikin ruwa. Cibiyar Clodomiro Picado ta Kosta Rika ce ta yi fice wajen yaɗa wannan ta biyu tun shekarun 1990, domin tana da sauƙi kuma tana ba da amfani mai yawa. Bayan nan sai a wanke gishirin, a rage ruwan, a tace ta matatar da bakteriya ba ta iya wucewa.

Kafin kwalba ta fita dole a gwada kowane rukuni: ƙarfinsa wajen hana bairas shiga ƙwayoyin halitta, tsabtarsa, yawan furotin, da ko yana ɗauke da abin da ke jawo zazzaɓi. Ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ko a busar da shi ya zama gari idan za a kai shi inda sanyi ke wuyar samu.

Wato ana sa wa dokin cutar ke nan?

A'a. Yawanci abin da ake sa masa ko dai bairas ne da aka kashe da sinadari ko da haske mai ƙarfi, ko kuma yanki ɗaya na jikinsa da aka haɗa a ɗakin gwaje-gwaje. A kan korona, masanan Ajantina sun yi amfani da ɗan yankin ƙayar bairas ɗin da yake kama ƙwayar halitta da shi. Dokin bai taɓa haɗuwa da bairas mai rai ba, ma'aikatan barga ma haka.

Na ji ana cewa ana yanke wani sashe na antibodin. Don me?

Siffar antibodi kamar gwafa take: rassa biyu a sama, ƙota ɗaya a ƙasa. Rassan ne ke kama bairas. Ƙotar kuma ita ce ke kiran sauran dakarun garkuwa, kuma ita ce ta fi nuna wa jikin mutum cewa wannan abu na doki ne. Tun shekarun 1930 aka gano cewa sinadarin fefsin, wanda ke narkar da nama a cikin tumbi, yana iya cinye ƙotar ya bar rassan biyu a haɗe. Abin da ya rage shi ake rubutawa F(ab')2 a jikin kwalba. Ya fi asalin ƙanƙanta da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya fi saurin ratsa nama, kuma jiki ya fi karɓarsa.

Akwai wata fa'idar da ta shafi bairas kai tsaye. A wasu cututtuka, musamman zazzaɓin dengi, antibodin da bai kama da kyau ba yana iya jan bairas ta wannan ƙotar ya shigar da shi cikin ƙwayoyin garkuwa, cutar ta ƙara tsanani. Idan babu ƙotar, wannan hanya ta toshe. Amma ba a samun komai kyauta: guntun ba ya daɗewa a jini kamar cikakken antibodi, kuma ba ya iya kiran taimako. Antibodin ɗan Adam kan ɗauki kusan mako uku kafin rabinsa ya ƙare, guntun doki kuwa kwanaki kaɗan ne.

A kan wace cutar bairas aka tabbatar yana aiki?

Haukan kare. Nan ne wannan magani ya kafu, kuma ya kamata kowa ya san yadda abin yake. Cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Asiya da Afirka, kuma cizon kare ne sanadi a kusan kowane lokaci. Da zarar alamunta sun bayyana, kusan babu wanda ke tashi. Sai dai bairas ɗin ba ya gudu. Yakan zauna a naman da aka ciza na ɗan lokaci kafin ya shiga jijiya ya bi ta zuwa ƙwaƙwalwa. Rigakafin da ake yi bayan cizo yana bukatar kusan mako guda kafin jiki ya fara ƙera nasa antibodin, kuma wannan makon ne ake cikewa da na aro.

An ga tabbacin haka a Iran a 1954, lokacin da wani mahaukacin kerkeci ya afka wa wani ƙauye ya ciji mutum 29. A cikin waɗanda ya ciza a kai da fuska, biyar sun samu rigakafi kaɗai, uku daga cikinsu suka mutu. Goma sha uku sun samu rigakafi haɗe da ruwan jinin dabba mai antibodi, ɗaya ne ya mutu.

A yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ba da shi ga wanda cizon ko yagar ya huda masa fata, ko yawun dabbar ya taɓa masa rauni ko ido ko baki, ko wanda jemage ya taɓa. Iyakar adadin na doki shi ne awo 40 na ƙarfin maganin ga kowane kilo na nauyin mutum, na ɗan Adam kuma awo 20. Ana tsira shi ne a cikin raunin da gefe-gefensa, sau ɗaya tak, kuma ba a yin sa idan an wuce kwana 7 da allurar rigakafi ta farko. A da ana tsira ragowar a cinya ko ɗuwawu. Aikin da Dokta Omesh Bharti ya yi a jihar Himachal Pradesh ta Indiya na cikin abin da ya nuna cewa na cikin raunin shi ne mai amfani, kuma a 2018 hukumar ta sauya ƙa'idarta. Da wannan sauyi, kwalbar da a da mutum ɗaya ke cinyewa tana iya isar mutane da dama.

Duk da haka, ƙiyasin hukumar shi ne ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu mummunan cizo ne ke samun wannan allura a duniya. A ganina wannan ya fi duk wata muhawara a kan sabbin cututtuka ciwo: magani ne da aka sani, aka iya haɗawa, amma bai isa hannun masu bukata ba.

Idan kare ya ciji mutum kuma babu wannan allurar a kusa fa?

A wanke raunin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a fara rigakafi a ranar, a kuma kammala shi. Bayanan da hukumar ta tattara sun nuna cewa wanki mai kyau da rigakafi a kan lokaci suna ceton kusan kashi 99 cikin 100, ko da ba a samu ta dokin ba. Kada a jinkirta rigakafi don jiran ta.

To, ya aka ƙare da batun korona?

An yi sauri ƙwarai, domin cibiyoyin da ke haɗa maganin dafin maciji suna da dawakai da na'urori da ƙwararru a hannu. Kamfanin Inmunova na Ajantina ya fitar da nasa cikin watanni, kuma a ɗakin gwaje-gwaje maganin ya ninka ruwan jinin mutanen da suka warke ƙarfi kusan sau 50. An gwada shi a kan kimanin mutum 240 da ke kwance a asibiti. Ya nuna ba shi da haɗari, waɗanda suka mutu a cikin masu karɓarsa ba su kai na cikin waɗanda ba su karɓa ba yawa, amma bambancin bai kai yadda za a ce ba dace ba ne, kuma babban ma'aunin da aka tsara gwajin a kansa bai cika ba. Hukumar magunguna ta ƙasar, ANMAT, ta amince da shi bisa sharaɗi a Disamban 2020. Cibiyar Clodomiro Picado, da cibiyoyin Butantan da Vital Brazil a Birazil, da wasu kamfanoni a Indiya duk sun haɗa nasu. Babu ɗaya daga ciki da ya shiga jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su ga korona.

Gaskiyar magana, gwaje-gwajen sun yi ƙanƙanta, kuma da yawa daga marasa lafiyar sun riga sun yi nisa. Ƙarfin magani a cikin kwalbar gwaji daban, ceton rai a gadon asibiti daban, kuma na biyun kaɗai ne hujja.

Me ya sa ya yi aiki a haukan kare amma bai nuna kansa a korona ba?

Lokaci ne da wuri. A cizon kare an san ranar da bairas ya shiga, an san inda yake, ana kai masa maganin har inda ya kwanta kafin ya motsa. Mai korona kuwa yakan isa asibiti bayan mako guda ko fiye, lokacin da bairas ya gama bazuwa a huhu, kuma abin da ke shaƙe shi a wannan mataki yawanci kumburin da garkuwarsa ta tayar ne. Antibodi ba ya gyara huhun da ya lalace.

An ga wannan ƙa'ida har da ruwan jinin mutanen da suka warke. A babban gwajin RECOVERY na Birtaniya, wanda ya ƙunshi sama da mutum 11,000 da ke kwance a asibiti, bai rage mutuwa ba. Amma a wani gwaji a Ajantina da aka ba tsofaffi 160 cikin awa 72 da fara alamu, waɗanda cutar ta tsananta musu sun ragu da kusan rabi. Tun a 1979 Julio Maiztegui ya nuna haka a zazzaɓin zubar jini na Ajantina: idan aka ba da ruwan jinin waɗanda suka warke cikin kwana 8 na farko, mutuwa kan sauko daga kusan kashi 16 cikin 100 zuwa kusan kashi 1.

Ebola da murar tsuntsaye fa?

Masanan Rasha sun haɗa maganin Ebola daga dawakai a shekarun 1990. Da aka gwada shi a kan birai a Amurka a 1996, ya jinkirta cutar amma bai hana mutuwa ba. Gwaje-gwajen baya-bayan nan a kan dabbobi sun fi ba da ƙwarin gwiwa, sai dai magungunan Ebola biyu da aka amince da su a 2020, Inmazeb da Ebanga, ba daga doki suke ba. Kamfanin Fab'entech na Faransa ya haɗa na murar tsuntsaye nau'in H5N1, an kuma gwada lafiyarsa a jikin mutane masu ƙoshin lafiya.

Wace illa yake yi?

Iri biyu. Akwai ta nan take, cikin mintuna: borin jini, ƙaiƙayi, sarƙewar numfashi, faɗuwar bugun jini. Mai tsananin tana iya kisa idan babu allurar adirinalin a kusa, shi ya sa ba a yin wannan allura sai inda ake da ita a hannu da wanda ya iya amfani da ita. Da tataccen maganin haukan kare na zamani, ƙiyasin faruwar mai tsananin kusan ɗaya ne cikin 150,000.

Ta biyu kan zo bayan mako ɗaya zuwa biyu: zazzaɓi, ƙuraje, ciwon gaɓoɓi, kumburin kaluluwa. Clemens von Pirquet da Béla Schick ne suka bayyana ta a Vienna a 1905, bayan sun lura da yaran da aka yi wa maganin mashaƙo. Abin da ke faruwa shi ne jikin mutum ya ƙera nasa antibodin a kan furotin ɗin doki, su cure, su maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Lokacin da ake amfani da ɗanyen ruwan jini abin ya zama ruwan dare. Yanzu yana samun kashi 1 zuwa 3 cikin 100, kuma yawanci yana wucewa cikin kwanaki da magani mai sauƙi.

An daɗe ana yin ɗan gwaji a fata kafin allurar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina dogara da shi, domin ba ya nuna wanda zai yi bori da wanda ba zai yi ba. Abin da ya fi amfani shi ne mutum ya faɗa wa likita idan an taɓa yi masa maganin da aka samo daga doki, ko kuma gashin doki na tayar masa da bori.

Cutar doki ba za ta iya bin maganin ta shiga mutum ba?

Tambaya ce mai kyau, domin akwai cututtukan da ke kama doki da mutum duka, kamar bairas ɗin Hendra da ya ɓulla a Ostireliya a 1994. Kariyar hawa-hawa ce: killacewa da binciken dawakai, sannan matakan tacewar kansu. Tsamin da fefsin ke aiki a ciki, zafin da ake ba ruwan, da asid ɗin kafirilik duk suna lalata bairas, musamman masu lulluɓin kitse. Ba a samu rahoton bairas ya shiga mutum ta tataccen maganin zamani ba. Amma a tsakanin dawakai kansu abin ya faru: tun wajen 1918 Arnold Theiler ya bayyana wani ciwon hanta a dawakan Afirka ta Kudu da aka sa wa ruwan jinin wasu dawakan, kuma sai a 2018 aka gano bairas ɗin da ake dangantawa da shi. Shekara ɗari ke nan abu yana ɓoye a jini ba a san shi ba. Wannan ya isa dalilin da kamfani ba zai tsallake mataki ko ɗaya ba.

Tunda akwai antibodin da ake haɗawa a masana'anta, me ya sa ba a bar doki ya huta ba?

A 1975 Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda ake rainon ƙwayar halitta guda ta riƙa ƙera antibodi iri ɗaya tak ba iyaka. Waɗannan su ake kira monokulonal. Suna da tsabta, kowane rukuni daidai yake da na baya, ana iya yin su da siffar na ɗan Adam, kuma ba sa bukatar dabba. Indiya ta riga ta fitar da irinsu na haukan kare, Rabishield da Twinrab, kuma nan gaba su ne za su karɓi ragamar wannan fage.

Rauninsu shi ne wuri ɗaya suke kamawa a jikin bairas. Idan ya sauya wannan wurin, shi ke nan. Haka ta faru da korona: da nau'in Omicron ya zo, hukumar magunguna ta Amurka ta riƙa janye izinin irin waɗannan magunguna ɗaya bayan ɗaya daga 2022 zuwa 2023. Doki kuwa yana ƙera antibodi iri-iri masu kama wurare da dama, don haka da wuya sauyi ɗaya ya kuɓutar da bairas daga dukkansu. Ga kuma batun tsada: masana'antar monokulonal na bukatar jari da ƙwarewar da ƙasashe kaɗan ne ke da su, alhali cibiyoyin dawakai suna nan a Indiya, Tailan, Birazil, Meziko, Kosta Rika, Masar da Afirka ta Kudu. Ƙasar da ke iya haɗa maganinta ba ta jiran sai masu arziki sun ƙoshi a lokacin annoba.

Shi dokin, yana shan wahala?

Yana sha, kuma bai kamata a ɓoye ba. Sinadarin zaburar da garkuwa, musamman wani tsoho da ake kira na Freund, yana jawo kumburi da maruru a inda aka tsira. Ɗibar jini fiye da kima na ramar da doki. Shekaru da yawa na allura kan taɓa hanta. An sha kai ƙorafi kan wasu gonaki inda ake ajiye dawakai marasa lafiya a cunkushe.

Mafi yawan wannan ana iya kauce masa: sinadarai masu sauƙi, allura kaɗan a wurare da yawa, mayar da jajayen ƙwayoyin jini, hutu tsakanin ɗiba da ɗiba, fili na kiwo, likitan dabbobi na dindindin, da sallamar dokin da ya tsufa ya je ya huta. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta sabunta a 2017 kan haɗa maganin dafin maciji sun tanadi waɗannan, kuma su ake bi a wannan aiki ma. Dabbar da ake ceton mutane da jininta tana da haƙƙi a kan masu amfana, kuma doki mai lafiya shi ke ba da magani mai kyau. Inda aka samu madadin da ya kai shi aiki kuma talaka zai iya samu, ya dace a koma can.

Ana iya shan sa, ko a yi amfani da jinin doki kai tsaye?

Ko kusa. Idan aka sha, tumbi zai narkar da antibodin kamar kowane furotin. Ɗanyen jinin doki kuma idan ya shiga jijiyar mutum yana iya kashe shi nan take. Haka nan dokin da ba a yi wa allurar koyarwa ba ba shi da antibodin cutar da ake nufi.

Wanda aka taɓa yi wa, ana iya sake yi masa?

Ana iya, amma da ƙarin lura, domin jikinsa ya riga ya san furotin ɗin doki kuma yana iya amsawa da sauri. A haukan kare ma bukatar ba ta tasowa: wanda ya taɓa karɓar rigakafin cutar, idan aka sake cizonsa, wankin rauni da ƙarin rigakafi kawai yake bukata.

Idan sabuwar annoba ta ɓulla, yaushe za a iya samun irin wannan magani?

Cibiyar da ke da dawakai a killace da na'urori a shirye tana iya fitar da rukunin farko cikin 'yan watanni bayan ta samu furotin ɗin bairas ɗin, kamar yadda aka gani a 2020. Haɗawar ba ita ce ke cin lokaci ba. Abin da ke ci shi ne gwaji a kan mutane, kuma nan ne aka yi rauni a korona: kowace ƙasa ta yi nata ƙaramin gwajin ita kaɗai, kan marasa lafiyar da yawancinsu sun wuce lokacin da antibodi zai amfane su. Abin da ake bukata tun kafin annoba ta zo shi ne tsarin gwaji da aka riga aka amince da shi tsakanin cibiyoyin, na mutane dubbai, wanda zai ba da maganin a kwanakin farko na cuta ko ga waɗanda suka yi mu'amala da mai ita, irin ma'aikatan lafiya da iyalan gida.